Shekarar da Itatuwana Suka Yi Ja

Ku 'ya'yana, tun hannuna bai fara rawa sosai ba, bari in gyara wata magana da na bari ta daɗe a karkace a gidan nan. Kun tashi kuna jin cewa ubanku, Mushe Illa mai zane, ya bar launi ya koma ɗaukar hoto ne saboda innarku Tsahara ta ɓata masa babban aikinsa da gangan. Na san kun ji, kada wani ya yi mini fuskar rashin sani. An faɗa a gidan suna, an faɗa a bakin rijiya, har akwai cikinku wadda ta taɓa tambayar innarta, ta sha harara. To ƙarya ce. Kuma ba matan unguwa kaɗai suka rene ta ba, ni ne na shimfiɗa mata tabarma ta zauna.

Ga abin da ba ku sani ba: idona ba ya rarrabe ja da tsanwa. Haka aka haife ni. Shuɗi ina ganinsa, rawaya ina ganinta, amma jar ƙasa da ɗanyen ganye duk abu ɗaya ne gare ni, sai dai wani ya fi wani duhu. Ina yaro, in Iya, wato kakarku, ta aike ni tsinkar tumatir a lambun kawuna a Jiratawa, sai in cika ƙwarya da ɗanye da nunanne haɗe, in zo in sha rankwashi. Ita ta ɗauka shashanci ne, ni kuma na ɗauka kowa haka yake gani, mutane dai sun fi ni iya sunayen abubuwa. Sai Allah ya rama mini ta wani gefen. Zalɓen da ya laɓe cikin ciyawar gulbi, mutum biyar za su wuce ba su gan shi ba, ni zan nuna shi da yatsa. Haske da inuwa kuwa, ban ga wanda ya fi ni karanta su ba a garin nan, kuma ba yabon kai nake ba. Da na zama mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ranar Alhamis da ba karatu sai in hau keke in gangara gulbi, in zauna gindin kanya ko giyayya in zana da gawayi da tawada. Wanda ya tambaye ni dalilin da ba na sa launi, sai in ɗaga hanci in ce launi kwalliyar mata ce.

Innarku ce ta kama ni, wata uku da aurenmu. Ɗiyar dukawa ce daga Tibiri, ta buɗe ido cikin fata da rini, launi a wurinta kamar gishiri ne a wurin mai miya. Ta ce in sayo mata zane tsanwa, na je kasuwa na zaɓo da kaina, na kawo ina washe baki. Ta karɓa ta yi godiya. Washegari da hantsi ta ajiye barkono biyu a kan faifai, ta tura gabana.

"Mushe, miƙo mini jan."

Haka take kirana, kamar sauran gari, sai dai ita in ta faɗa akwai 'yar tsokana a ciki. Na dubi barkono, barkono ya dube ni. Na miƙa wanda hannuna ya faɗa a kai. Ta riƙe shi tana jujjuyawa, sannan ta ce:

"Ashe ba rowa ta sa ka sayo mini zanen tsofaffi ba. Akwai wani kawunmu haka yake, shi ya sa aka bar shi ga yanka da ɗinki. Ba ciwo ba ne, halitta ce."

Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage. Na roƙe ta kada ta gaya wa kowa, ta ce wa za ta gaya wa, a ba ta mi? Daga nan kuma aikinmu ya fara, ita ta kawo shawarar. In na je gulbi na yi zanena da gawayi, sai in tsinko ganyen kowane itacen da na zana, in ɓamɓaro ɗan ɓawonsa, in damƙo ƙasar wurin, in na tsinci gashin belbela ko na shamuwa in haɗa, in zuba a jakar keke. Ita ba ta zuwa, amma sai ta baje kayan nan a tabarma ta ga wurin sarai. Ja daga karan dafi take fitar da shi, shuɗi daga baba, baƙi daga bagaruwa da kashin maƙera, tsanwa kuwa garin tagulla ne da tsamin nono da wani abu na gidansu da har ta koma ga Allah ba ta faɗa mini ba. Ta dama da ƙaro ta cura, ta shanya. Ranar aiki sai ta jiƙa, ta jera mini kasake daga hagu zuwa dama, ta ɗauki gawayi ta bi zanena tana sa 'yan zane-zane: layi ɗaya kasko na farko, layi biyu na biyu, haka har shida ko bakwai. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma ban taɓa ganin ta ɓata lissafin nan ba. Ni nawa in bi, in san inda zan danna da inda zan sassauta.

Shekarun farko na 'yancin kai, gari ya cika da son a nuna abin gida. Aka ba ni aji guda a lakwal ɗinmu lokacin hutu, na rataye zane goma sha wani abu: gulbi ya kawo, gulbi ya janye, gawo ya yi ganye da rani, tsamiyar hanyar Tibiri, lambunan Jiratawa da jigo a bakin rijiya. Wannan ne nunina na farko. Manoma suka shigo suna gane gonakinsu suna gardama, ma'aikata suka zo da matansu, alhazan gari ma suka leƙo. Wani babban ɗan kasuwa mai fataucin gyaɗa ya daɗe tsaye gaban zanen wata kanya, ya ce:

"Mushe, wanga tsanwa daga ina? Na je Kano, na je Ikko, ban ga irinsa a gwangwani ba."

"Sirrin sana'a ne, Alhaji," na ce, ina gyara wuyan riga.

Da na dawo na ba innarku labari, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ba ta damu da sunanta ya fita gari ba, wallahi ba ta damu ba. Ta ce mi za ta yi da alhazai su san ta? Damuwarta tana cikin gida, kuma a nan ne ni ban duba ba. Iya tana zaune tare da mu a gidanmu na Sabon Gari. Mace ce mai tsoron Allah, mai kyauta, amma bakinta ba linzami, kuma tun farko ba ta so na auro ɗiyar dukawa ba. A ganinta innarku niƙa kawai take yi mini, kamar yadda ake niƙa yaji, kuma niƙan yana cinye lokacin daka da shara. Kullum in an kawo tuwo sai ta dubi hannun innarku, wanda rini ya kama har ƙarƙashin farce, ta ce:

"Oh, ni jikar mutum huɗu! Yau kuma da wane launi za mu ci, shuɗi ko ja?"

Innarku sai ta ce, "Ki yi haƙuri, Iya," ta koma madafa. Shekara bakwai tana jin wannan. Ni kuwa ina zaure ina karɓar gaisuwar masu yabo.

A shekarar da nake ba ku labari na haɗu da akwatin hoto. Akwai wani mutumin Togo, Komlan, mai shagon hoto kusa da tasha. Lokacin kowa na neman hoton katin shaida, layi har bakin titi, shi kuma ya gaji da fuskoki. Ya ga zanena a nuni, muka saba, wata rana ya ɗauko wani tsohon akwati da ya daina aiki da shi ya ce in tafi da shi gulbi in gwada. Ya nuna mini yadda ake leƙawa ta sama, yadda ake rage haske da ƙara shi. Na ɗauki kanyar nan tawa da sassafe, inuwarta kwance bisa ruwa. Muka shiga ɗakin duhunsa, ya tsoma farar takarda cikin ruwan magani yana girgiza faranti a hankali. Ina kallo itacen ya fara fitowa, da farko kamar hayaƙi, sannan rassa, sannan kowane ganye. Baƙi da fari da abin da ke tsakaninsu, ba wani abu. Komlan ya ɗaga ta ya duba, ya dube ni.

"Wa ya koya maka auna haske? Ni shekara biyu na yi kafin in samu irin wannan."

Ba zan ɓoye muku ba, na yi farin cikin da ban taɓa yi ba. Karo na farko ke nan da abin da na gani shi ne abin da kowa zai gani, ba wanda ya fi ni ido a kan takardar nan. Ba laifi ba ne mutum ya so abu irin wannan, har yau ban ɗauke shi laifi ba. Laifin a bakina yake. Na iso gida bayan la'asar, Iya na zaune a inuwa tana kaɗi, innarku na sheƙar gero da ɗiyarmu Hadiza goye a bayanta. Na wuce innarku, na durƙusa gaban Iya na miƙa mata hoton.

"Iya, duba nan. Wanga aikina ne ni ɗaya, daga farko har ƙarshe, ba hannun kowa a ciki."

"Alhamdu lillahi," in ji Iya. "Ko ma huta da warin tagulla da ruɓaɓɓen nono."

Na ji sheƙar ta tsaya, sannan ta ci gaba. Ban waiga ba. Kwana biyu bayan haka na ga an wanke kasaken launi tas an kife su bayan rumbu. Na gani, na ce a raina ai ma gara, ta huta. Duk ranin nan ina gulbi da akwati a wuya, ina shagon Komlan ina koyon wanki, ban tsinko mata ganye ko ɗaya ba.

Shamuwa ta iso, ruwa ya sauka, sai ga takarda daga Yamai. Za a yi babban nuni na masu zanen ƙasa duka, an ji labarina, ana son in kawo babban zane mai launi na gulbin Maradi da damina. Hoto ba sa so, sun ce hoto kowa na iya danna shi. Na ɗaure alawayyo a katako, faɗinsa ya kai ƙofar zaure, na shafe shi da farar ƙasa da ƙaro, na yi makonni ina zuwa Jiratawa ina zanawa. Na tsinko ganye kamar da, na kawo na zube gaban innarku kamar ba abin da ya faru. Ta dubi ganyen ba ta taɓa ba.

"Zan yi maka," ta ce. "Amma abu ɗaya nika so."

"Zane ne? Ko 'yan kunne?"

"Ka gaya wa Iya. Ba gari ba, ba alhazai ba, ba mutanen Yamai ba. Iya kaɗai. Ka gaya mata abin da nike yi, da dalilin da ya sa ni nike yin shi."

"In gaya wa uwata ta haifi mai rabin ido?"

"Ita ta haife ka, Mushe. Ba za ta kai ka kasuwa ba."

Kun ji abin da ta nema. Bai kai tsawon gaisuwar safe ba in za a faɗe shi. Amma ni na san Iya, abin da ya shiga kunnenta da hantsi ya kai bakin rijiya kafin azahar, ba don mugunta ba, don dai ba ta iya riƙewa. Na hango alhajin nan mai gyaɗa yana dariya, na hango yaran ajina suna ɗaga mini barkono. Girman kai rawanin tsiya, in ji mutane, ni kuwa na naɗa shi har da kunne biyu. Na ce mata ba na karɓar sharaɗi a gidana, na kwashe ganyena na fita.

Na san inda take ajiye busassun curin launi, cikin wani lefe a ɗakinta. Da ta fita unguwa na shiga na kwaso. Shuɗi da rawaya da baƙi ban sha wuya ba. Saura curi biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami, a idona uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta sa musu alama, don ita ba ta bukata. Na sunsuna, duk ƙamshin ƙaro suke, sun daɗe da bushewa. Sai na yi irin lissafin mushe: ni mai zanen itatuwa ne, tsanwa na fi ci, saboda haka babban curi shi ne tsanwa. Abin da ban sani ba, tun da ta daina yi mini aiki ta koma haɗa wa mahaifinta jan karan dafi, in an tashi zuwa Tibiri ta aika masa. Babban nasa ne. Ƙaramin shi ne ragowar tsanwana na bara.

Na kulle kaina a ɗakin zaure kwana goma sha biyu. In ta kawo ruwa ko abinci, a bakin ƙofa nake karɓa. Rana ta uku ta tsaya ba ta tafi ba.

"Mushe, na ga an taɓa lefena. Wane curi ka jiƙa wa ganye?"

"Na san abin da nike yi."

"Bari in leƙa sau ɗaya. Na janye maganar Iya, ka bari in duba kawai."

"Na ce ba hannun kowa."

Ku lura da wannan, don shi ya fi ci mini rai: ta janye sharaɗinta, ni ne ban janye nawa ba. Na rufe ƙofa. Kuma gaskiya aikin ya yi mini kyau. Ruwan gulbi ya ɗauki sararin sama, belbelu sun jeru a bayan shanu, gawo tsaye tsirara kamar yadda ya saba da damina, kanya da giyayya da tsamiya sun yi lif. Ban taɓa sarrafa haske kamar a zanen nan ba.

Ranar da na gama, da safe na fito da shi tsakar gida na jingina da katanga ya sha iska. Iya na zaune da maƙwabtanmu mata biyu da suka shigo gaisuwa. Na ja da baya na harɗe hannu ina jiran yabo. Ɗaya daga cikin matan ta rufe baki da gefen mayafi. Iya ta miƙe, ta matso, ta ƙanƙance ido.

"Inna lillahi! Illa, gobara ka zana? Ina ka taɓa ganin kanya da jan ganye kamar an yanka rago a kanta? Ga gindinta kuma tsanwa shar!"

Na dubi zanen. Ban ga komai ba sai itatuwana. Na juya na dubi innarku, ta fito daga madafa da muciya a hannu, a fuskarta na karanta abin da na aikata. Ranar wanka ta zo, kuma ga baƙi a gida. Iya ta sake cewa:

"Kai ba ka gani ba kana shafawa? Ina idonka yake?"

Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba, sai innarku ta riga ni.

"Ba laifinshi ba ne, Iya. Haɗin ne ya ɓaci a hannuna, kanwa ta yi yawa. Yana ɗanye tsanwa ne, sai ya bushe yake juyawa."

Duk ɗan dukawa ya san ba a yi launin da ke yin haka ba, amma ba ɗan dukawa a tsakar gidan sai ita. Iya ta juyo gare ni.

"Haka ne?"

Na ce, "Haka ne."

Kalma biyu. Na yi shekaru ina koya wa yara cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, tawa kuwa ta yi, har ta yi jikoki. Iya ta san mun yi saɓani, ta ga kasake a kife. Ba ta yarda kuskure ne ba, ta ce ƙeta ce, ɗiyar dukawa ta ji haushin ɗanta ya samu sana'ar da ba ta bukatarta. Matan nan biyu suka fita da maganar da ɗuminta. Innarku ta koma ta ƙarasa tuƙa tuwonta.

Abin dariya, in akwai dariya a ciki, motar Yamai ta zo kafin in iya yin wani, dole na naɗe shi na bayar. Na je bikin buɗewa ina jiran a yi mini ihu. Sai na tarar an rataye shi a tsakiyar ɗaki, wasu Turawa da 'yan bokonmu sun kewaye shi suna gyaɗa kai. Wani mai gemu ya kama hannuna ya ce na yi ƙarfin hali, na zana zafin ƙasar, ba ganyenta ba. Na ce masa na gode. Suka nemi in yi musu wasu jajayen, na ce sai na duba. A mota muna dawowa kowa na taya ni murna, ni kuwa ina jin kaina kamar ɓarawon da aka naɗa sarkin kasuwa.

Bayan girbi na je Tibiri gaida surukina, Malam Nomau. Maganar ta riga ni isa. Yana zaune a rumfarsa yana ɗinka jaka, muka gaisa kamar kullum, ya tambayi iyali. Can ya nuna wasu ƙyallen fata biyu da ke kusa da gwiwata.

"Ɗana, miƙo mini tsanwan nan."

Hannuna ya tsaya a sama. Bai bar ni na daɗe ba, ya miƙa nasa ya ɗauka.

"Bari, na ɗauka." Ya zura zare a allura, bai dube ni ba. "Tun tana shekara tara take haɗa mini launi. Ba ta taɓa ɓata ko ɗaya ba. Na dai ce in gaya maka, ko ba ka sani ba."

Bai ƙara ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba har ya rasu. Na hau kekena, tsakanin Tibiri da Maradi na yanke shawara sau goma zan gaya wa Iya da na isa. Na isa na tarar tana salla. Na ce gobe.

Innarku ba ta yi yaji ba, ba ta ɗaga mini murya ba, tuwona bai taɓa makara ba. Launi ne dai ba ta sake haɗa mini ba, ni ma ban da bakin da zan roƙa. Hannunta ya washe, farcenta ya yi fari, Iya ta daina maganar hannu ta koma maganar zanen mai jan ganye. Duk baƙuwar da ta zo sai ta ji labarin. Ni kuma na rungumi akwatina. Na sayi nawa, na gyara ɗakin zaure ya zama ɗakin duhu, na bi gulbi daga Jiratawa har bayan Tibiri ina ɗaukar itace ɗaya ɗaya. Da shekarun fari suka zo, aka sare na sarewa, na bushewa suka bushe, da yawansu a cikin hotunana kaɗai suka rage. An nuna su a Maradi, an nuna a Yamai, an kai wasu ƙasashen waje. Ina son aikin nan, kuma nawa ne. Amma ku sani, duk zanen launin da ke rataye a gidan nan na unguwar Zariya a Maradi, da waɗanda ke gidajen mutane da sunana a ƙasansu, aikin mutum biyu ne. Wanda na yi ni kaɗai guda ɗaya ne tak, shi ne mai jan ganye.

Iya ta yi shekara tara bayan haka. Ciwonta na ƙarshe ya daɗe, kuma innarku ce ta yi jinyarta, ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke ba ta kunu da ludayi. Ina shiga in zauna a bakin gado da maganar a bakina, sai in ga ta gaji, in ce bari ta ɗan samu sauƙi. Kwana uku kafin ta cika ta kama hannun innarku, ina tsaye, ta ce:

"Tsahara, kin yi mini abin da ɗiyar cikina ba ta yi ba. Abin da kika yi wa Illa na zanen nan, na yafe miki."

"Na gode, Iya," in ji innarku.

Ina tsaye, na ce muku. Ina da baki, ina da lafiya, ba baƙo ko ɗaya a ɗakin.

Bayan an yi sadakar arba'in, wata safiya na same ta tana tsince shinkafa a ƙofar ɗaki. Na zauna kusa da ita, abin da ban saba ba. Na ce mata na gaji da ɗaukar abin nan, zan tara dangi, nawa da nata, in faɗi gaskiya, in ma ta so in faɗa a masallaci. Ta ci gaba da tsintarta, ta fitar da tsakuwa ta jefar. Ba fushi a muryarta, da akwai ma da ya fi mini sauƙi.

"Ka bar shi, Mushe. Mutum ɗaya na so ta ji."

Na bar shi, don ta ce in bari, don kuma barin ya yi mini daɗi. Yau ita ma ba ta nan. Ku ba ku ne ta so ku ji ba, na sani, amma ku kaɗai kuka rage mini da zan gaya wa.